Shinge a fitila, hanyar gara a bango: wanne ne abin tsoro?

Maman Walid, Lugbe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekaranjiya da daddare, bayan ruwan nan mai ƙarfi, shinge ya cika mana baranda har ya rufe fitilar waje. Da safe fukafukai ne ko'ina, na share kusan cikin kwano guda. Yau kuma da na ja kabad ɗin ɗakin baƙi sai ga wata siririyar hanya ta ƙasa ta taso daga gindin bango, ta haura kamar taƙi uku zuwa jikin katakon ƙofa.

Maƙwabciyata ta ce shingen ne ya shigo ya koma gara, in sayo fiya-fiya in feshe gidan gaba ɗaya. Maigadi kuma ya ce laifin katon surin da ke filin bayanmu ne, a kira masu tono su ciro uwar. Don Allah masana, shinge da gara abu ɗaya ne? Kuma ta ina zan fara?

Malamin Ƙwari, Gwagwalada

Wa alaikumus salam Maman Walid. Maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya. Shinge da gara uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma shingen shekaranjiya ba shi ya gina hanyar da kika gani yau ba. Bai isa ba tukuna.

A cikin suri guda akwai ma'aikata, su ne fararen nan masu laushin jiki, makafi, masu cin katako da kara. Akwai sojoji masu jan kai da baki kamar almakashi, manyansu ne ake ce wa zago. Akwai uwa da mijinta. Sai masu fiffike, wato shinge, wanda wasu ke kira cinge ko gina, ana renonsu watanni a cikin duhu domin dare ɗaya tak. A nan Abuja daren yakan faɗo galibi tsakanin Afrilu da Yuni, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Ma'aikata su huda ƙofofi a jikin surin, sojoji su tsaya a baki, shinge ya yi ta fitowa, an gama a toshe. Surukan unguwa duka sukan saki nasu a dare guda. Hakan na sa mace ta haɗu da namijin wani gidan, kuma yawan nasu ya fi ƙarfin cikin masu jiransu: kwaɗi, tsaka, jemagu, tururuwa, da gari ya waye kuma kaji da ƙadangaru da tsuntsaye.

Tashin gajere ne. Da ya sauka sai ya karya fukafukansa da kansa, akwai wata gaɓa a gindinsu da aka halitta don haka. Idan kika duba ƙasan fitila da kyau za ki gan su bibbiyu, ɗaya na bin ɗaya kamar an ɗaure su da zare. Ta gaba ita ce macen, ƙanshin da take fitarwa namijin ke bi. Suna neman ƙasa mai danshi da za su haƙa ɗan ɗaki su rufe kansu. A kan tayil ko siminti ba su da wannan dama, kafin hantsi sun bushe. Ko waɗanda suka samu ƙasar, ƙalilan ne ke kai labari, kuma sai an yi watanni kafin ma'aikatansu na farko su fara fita neman abinci. To hanyar da ta haura taƙi uku aikin gida ne tsoho, wanda ya daɗe a ƙarƙashinku ko kusa da ku.

Wata tururuwa ma tana fiffike a wannan lokaci, kada a rikita su. Shinge fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, sun zarce jikinsa nesa, ba shi da ƙugu, gashin kansa biyu a miƙe suke kamar carbi. Tururuwa tana da siririn ƙugu, gashin kanta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, fiffiken gaba ya fi na baya. Ba ma dangi ba ne. Binciken ƙwayoyin halitta da masana a Landan suka wallafa a 2007 ya tabbatar da cewa gara 'yar gidan kyankyaso ce.

Mai katon suri irin na bayanku yawanci ita ce Macrotermes bellicosus, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa game da ita shi ne manomiya ce. Busasshiyar ciyawa da itacen da take kwasowa ba ta iya narkar da su ita kaɗai. Ƙananan ma'aikata ke haɗiye su, su fitar da su ba su gama narkewa ba, su gina wani abu mai ramuka kamar soso, ruwan ƙasa-ƙasa. A kansa wata irin fumfuna mai suna Termitomyces ke tsirowa, ta ruɓar da itacen, ta fitar da 'yan fararen ƙwayoyi kamar ƙwayar gero. Su ci ƙwayoyin, su ci tsohon soson daga ƙasa, ana ɗora sabo daga sama. Fumfunar tana son zafi kusan digiri 30 dare da rana, rani da damina, da iska mai danshi. Duk wannan gini mai tsayi da kike gani, da ramukan da ke cikin bangonsa, hanyar shaƙar iska ce da daidaita zafi. Gidan kansa yana can ƙasa. A Mokwa ta Jihar Neja, inda aka yi dogon nazari a kan wannan gara a shekarun 1970, an samu suruka da gidan ke zaune a kan wani faffaɗan faifan yumɓu bisa ginshiƙi ɗaya, ƙarƙashinsa siraran zobba a murɗe, inda danshi ke bushewa yana sanyaya ɗakin.

A tsakiya akwai ɗakin uwa, dunƙulen yumɓu mai tauri kamar burodi, da 'yan ƙofofin da ma'aikata kaɗai ke iya bi. Ita ma da shinge ce. Cikinta ne ya yi ta kumbura har ta kai tsawon santimita 10 ko fiye, fara sol tana motsi kamar numfashi, ba ta iya tafiya. Tana zuba ƙwai dubu 20 ko fiye a yini, tana iya kai shekara 20, mijinta na gefenta duk tsawon wannan zamani.

Sai dai gara iri-iri ce, a duniya ta kai kusan iri 3,000, kuma da yawa daga masu ɓarna a gidaje ba su da suri ko kaɗan. Kafin ki biya kowa kuɗin tono, ki fasa hanyar a tsakiya kamar faɗin yatsu uku, ki kama soja ɗaya ko biyu, ki gaya mana girmansa da kamannin kansa. Sojan ne shaidar gidan da suka fito.

Injiniya, Kubwa

Hajiya, fiya-fiyar nan ki bar ta a shago. Tana kashe abin da ta taɓa nan take, cikin 'yan kwanaki ta bi iska, garar da ke ƙarƙashin daɓe ko labari ba ta ji ba. Abin da ya rage shi ne ku da yara ku shaƙa. Ƙwayar nan ta ajiyar hatsi da wasu ke jefawa a rami kusa da ɗaki ta fi ta muni, iskar da take fitarwa tana kashe mutum a cikin barci.

Gara ba ta jure bushewa da haske, shi ya sa take rufa wa kanta hanya. Dole tana da igiya biyu: ɗaya zuwa ƙasa mai danshi, ɗaya zuwa katako. Aikinmu mu nemo su mu yanke. Ki fasa hanyar kamar yadda Malam ya ce, ki koma bayan kwana ɗaya ko biyu. In an gyara, suna nan. Sannan a bi katakon ƙofa, kabad da katakon gindin bango ana ƙwanƙwasawa da gindin sukudireba. Inda ya yi ƙarar ganga an cinye cikinsa, fentin ne kawai ke riƙe da shi. Tun ƙissar sandar Annabi Sulaiman (AS) aka san aikin gara daga ciki yake farawa. Lallai kafinta ya hau cikin silin da tocila ya duba katakon rufi, domin sukan bi ramin bulo ko bututun waya su wuce sama ba a gansu ba, kuma a can ne asarar take da tsada.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa gara tsagar milimita 1 ta ishe ta. Wuraren da na fi samun ƙofarta: mahaɗar daɓe da bango, inda bututun banɗaki ya huda kankare, da gindin katakon ƙofa da aka dasa cikin daɓe. A waje kuma a duba ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a gindin bango, famfo mai yoyo, fulawowi da aka shuka manne da gini ana ba su ruwa kullum, itacen girki ko kwalaye a jingine. Ƙasa ko bulon shimfiɗa kada su haura su rufe gindin gini. A bar aƙalla santimita 15 a fili, yadda duk hanyar da ta taso ido zai gan ta.

Maganin da ke aiki shi ne wanda gara ba ta jin warinsa, mai sinadarin fipronil ko imidacloprid. Tana ratsa ƙasar da aka jiƙa, ya manne a jikinta, ta koma gida, 'yan uwa su lashe ta, ya bazu. A duba lambar NAFDAC da ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, domin awon yana bin ƙarfin. Fipronil mai kashi 5 cikin ɗari, mililita 240 a jarka mai lita 20. Imidacloprid mai kashi 20 cikin ɗari, mililita 50 a jarka ɗaya. In takardar kwalbar ta faɗi wani awo dabam na gara, ita za a bi.

A waje a haƙa kwata manne da tushen gini, faɗi santimita 15, zurfi 15 zuwa 30, a zuba lita 5 a kowace mita. Bango mai mita 4 zai sha jarka guda ke nan. Ƙasar da za a mayar ita ma a jiƙa ta ana mayarwa. A ciki, a bangon da aka ga hanyar, a huda daɓe da na'ura kowane santimita 30, tazarar kamar santimita 10 zuwa 15 daga bango, har a tarar da ƙasa, a ɗura lita ɗaya da rabi a kowane rami, a toshe da siminti. Mai hudawa ya san inda bututun ruwa da waya suka bi tukuna.

Inda aiki ke lalacewa: mai feshi ya zo da lita 16 a goye ya yayyafa wa gida duka, ya karɓi kuɗi. Wannan wankan bango ne. Ko a zuba ƙasa na cike da ruwa, ko hadari na haɗowa, maganin ya bi kwata. Ko a gaji da jira, alhali yakan ɗauki makonni kafin a ga sun yi shiru. Idan akwai rijiya, burtsatse ko tafkin kifi kusa, kada a jiƙa wannan gefen, fipronil na kashe kifi da ƙudan zuma. Safar hannu da takunkumi dole ne, yara da kaji su nisanci wurin har ya bushe.

Ga masu shirin gini, a nan ne rigakafi ya fi magani araha. A tumɓuke kututture da saiwarsa, kada a binne guntayen katakon kankare a cikin ciko, a jiƙa cikon da lita 5 a kowace murabba'in mita, a rufe da leda, a zuba kankare a ranar. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi bayansa kawai yake baƙantawa. Kafinta ya yanka, bakin ya fito fari, ta nan za su shiga. A sa maganin katako na gaske bayan an yanka, a tsoma bakunan. Magabata da suka yi rufi da azarar giginya, suka kafa ginshiƙi da ƙirya, sun san itacen da gara ke shakka.

Baba Manomi, Kuje

'Yata, duk abin da Injiniya ya faɗa a kan gida na yarda. Surin fili ne nake roƙon a dakata masa. Gara ce ke kwashe karan da ya rage a gona ta kai shi ƙasa, ramukanta ke shan ruwan sama maimakon ya gudu da ƙasar. A wajen Tawa ta Nijar, manoma na haƙa 'yan ramuka a fako, suna ce musu tassa, su zuba taki da gangan don gara ta zo ta huda ƙasar, gero ya samu wurin kafa saiwa. Wadda ke kayar mana da masara gab da girbi wata 'yar mitsitsiya ce marar suri. Ta saiwa take shiga, ta cinye cikin kara ta cika shi da ƙasa, iska kaɗan ya kwanta. Ita ce kuma ke kankare ɓawon gyaɗa idan ruwa ya ɗauke aka bar ta a ƙasa, ta nan fumfuna ke shiga ƙwaya. Maganinsu na farko a girbe a kan kari.

Shingen kuma abinci ne kika share. A ajiye faffaɗan baho da ruwa kaɗan a ƙarƙashin fitila ɗaya, a kashe sauran. Yana faɗawa fiffike ya jiƙe. A tsame, a wanke sau biyu saboda yashi, a zuba a kasko da ɗan gishiri a wuta marar ƙarfi, ba a sa mai, nasa ya ishe shi. Ana juyawa har ya yi ja ya daina tururi, a baza a faifai a sheƙe fukafukan. Wanda za a ajiye a ƙara masa rana guda a shanya, in ba haka ba mansa ya yi ɗoyi. Wanda aka tsinta a mace, ko a inda aka yi feshi, ba na mutum ba ne, ba na kaza ba ne.

Mai 'yan tsaki ko 'yan zabi ya samu tsohuwar tukunyar ƙasa, ya cusa busasshen kashin shanu da totuwar masara da guntun kara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta da yamma a inda gara ke yawo, ya yi mata inuwa. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ya ɗaga, ya karkaɗe musu. A tsince manyan zago in tsakin ƙanana ne, sukan maƙale musu a maƙogwaro.

Kuma in kin ga gwano ya jero ta bayan katanga, baƙaƙe manya, suna tafe suna 'yar ƙara in an taɓa su, kada yara su zuba musu kananzir. Farautar gara za su. Ki tsaya kaɗan za ki ga sun dawo ta hanyar da suka bi, kowanne da gara cike da baki.

Maman Walid, Lugbe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa jiya da yamma, da safe na tarar an ɗinke ta tsaf. Da na sake fasawa sojoji suka fito da yawa, amma ƙanana ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kansu ruwan ɗorawa, mai siffar ƙwai. Na taɓa ɗaya da tsinke sai ya kama shi, wani farin ruwa kamar madara ya fito masa a goshi. Kuma gaskiyar Injiniya, bayan wannan bangon ne ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke zuba.

Malamin Ƙwari, Gwagwalada

Baba ya yi gaskiya a kan gwano, daga wannan tafiya tasa muka samo jerin gwano. Ɗan leƙen asiri guda ke gano inda gara ke kiwo, ya koma ya jawo runduna ta ɗaruruwa, manya su fasa rufin ƙasar, ƙanana su kutsa. Masu bincike a dajin Comoé na ƙasar Kodebuwa sun nuna a 2017 cewa suna ɗauko wanda zago ya raunata su kai shi gida, daga baya kuma aka gano har jinyar raunin suke yi.

Maman Walid, wannan farin ruwan ya raba gardama. Sojan mai suri babba ne, jan kai, cizonsa na fitar da jini, kuma ba ya tsartar da madara ta goshi. Naki Coptotermes ce. Ba ta noman fumfuna, ba ta gina suri irin na bayanku, katako take ci kai tsaye da taimakon wasu ƙananan halittu da ke cikin hanjinta, kuma tana cikin waɗanda suka fi yi wa gine-gine ɓarna. Gidanta yakan kasance a cikin mataccen kututture, ko cikin bishiya mai rai da ta rarake, ko a ƙarƙashin daɓe inda danshi ba ya yankewa. Ko an tone surin an ciro uwar, taku tana nan, kuɗin ne kawai ya tafi.

Yau a sa wa ruwan na'urar bututu ya zuba nesa da bango, ko a tara shi a bokiti. A zagaya gidan a nemi kututturen da aka sare aka bari, a ƙwanƙwasa gindin duk bishiyar da ke kusa, musamman mangwaro. Hanyar kuma kada ki sake fasa ta, kada a fesa mata komai. Ki bar su suna kai da kawowa har mai magani ya zo ya fara huda daga daidai inda ta fito, kuma a sa kafinta ya hau silin ɗin ɗakin baƙi kafin ƙarshen mako.